Marsa, Inna

Ran sadakar uku ta yayata, bayan la'asar, da baƙi sunka watse, mu shida munka rage a ɗakinta na Turba. Akwai ni. Akwai autanmu, wanda furfurarsa ta riga tawa fitowa. Akwai maƙwabciyarta ta bayan danga, wadda sunka tsufa suna surfa kalwa a turmi guda. Akwai ɗiyata ta biyu, ita ce ke riƙe da alƙalamin ga yanzu, don ni ban shiga boko ba, na kuma gargaɗe ta kada ta gyara mini magana. Akwai matar ɗana na fari. Sai shi kansa ɗan farin nawa, zaune a ƙasa, ya jingina da gadon da babu kowa a kai.

Na Allah muke, wurinsa za mu, yayata dai ta riga mu kama hanya. Na ce a rubuta halinta don kada jikoki su tashi ba su san ko wace ce ba. Amma za ni faɗe shi yadda yake, da mai daɗi da marar daɗi, don ita ma ba ta taɓa sassauta mini magana ba.

Tun ranar da anka kai ta makwancinta nake zaune kan tabarma ina kallon masu gaisuwa. Matan Turba sun zo, matan Isa sun zo, har Fulanin da ke kawo mata nono sun aje ƙorensu bakin ƙofa sun shigo. Kowa ya zo sai ya jefa mini "sannu da haƙuri" guda ɗaya, ya wuce wurin yaron nan ya zube. "Allah ya ba ka haƙurin rashin uwa." "Yau ka zama maraya, Na-Inna." Wata tsohuwa ma dafa kansa ta yi, ta ce, "Wayyo ɗana, wa ya rage maka yanzu?" Ni kuwa ina nan kusa da ƙafarta, da raina da lafiyata, ni da na yi naƙudarsa. Ba wanda ya yi da gangan. Rabinsu ba su ma san ni na haife shi ba.

Maƙwabciyar nan ita ce ta fi kowa kuka. Tana cikin yi sai kuma ta fashe da dariya, ta ce, "Da tana nan da ta leƙo ta ce muna, wa ya mutu?" Duk ɗakin sai da anka yi dariya da hawaye. Kalmar yayata ke nan. Tuwo ya ƙone, wa ya mutu? Akuya ta shiga gonar mutane ana ta hayaniya, wa ya mutu? In babu gawa a gida, ita ba ta ga abin tashin hankali ba.

Uwarmu ta rasu ina ƙarama, yayata ce ta yi mini komai har ta kai ni ɗakin miji a Sabon Birni. Ita kuwa Allah bai bar mata ɗa ba. Ta haihu, ta rufe, ta sake haihuwa, ta sake rufewa, har haihuwar ta tsaya. Da lokacin yaye ɗana na fari ya yi, sai anka ce a kai shi wurin kaka kamar yadda ake yi, kuma tun da babu kaka, yaya ce kaka. Ta zo ta goya shi da sabon zane ta tafi. Ana kai yaro yaye ya yi 'yan kwanaki ya manta nono a maido shi. Nawa ba a maido ba. Mijina ya ce ai gida bai wuce gida ba. Ni kuma ɗan fari ne, ba ni da bakin tambaya. A wurinmu uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta nuna ta san da shi. Na riƙe wannan kunyar da kyau, har ana ba da misali da ni a unguwa. Ana yabona, ita kuma tana can tana jin ɗumin yaron a bayanta.

Ita ta laƙaba masa Na-Inna, sunan ya bi shi har kasuwar Isa, har yau da shi ake nemansa. Shi kuma da ya buɗe baki, ita ya kira Inna. Inna kawai, ba ƙari. Ni sai da anka haɗa mini da gari kafin in samu: Inna ta Sabon Birni. Kamar motar haya.

Ba za ni rage mata komai ba. Mace ce mai hannu. Daddawarta ba ta kwana a kasuwa, masu zuwa Maraɗi har aike suke yi a ajiye musu. Ba ta cin abinci ita kaɗai, in babu kowa sai ta leƙa bayan danga ta kira wani. Ba ta iya raɗa ba, asirin da duk ta faɗa maka sai na zaure ya ji. Ga goro. Haƙoranta jajaye kamar an shafa musu manja, kuma ba ta cin ƙanana, sai marsa, manyan nan da ake tsincewa a sama. In an ba ta ƙaramin goro sai ta juya shi a tafin hannu ta ce, "Wanga sai a bar shi ya girma."

Yanzu waƙar.

Yaron yana wajen shekara goma sha shida na je Turba gaisuwar wani ciwo da ta yi. Tun daga zaure na ji wani abu na dukan gida, dum, dum, dum. Na shiga na tarar da rediyo mai kaset bisa turmin da anka kife, yayata na zaune tana tsince kalwa, kanta na kaɗawa. Shi kuma yana tsaye gabanta, wandonsa na jan ƙasa, yana wurga hannu yana bin maganar da ke fitowa. Wani ɗan kasuwa ne ya kawo kaset ɗin daga Nijar. Wasu samari ne ke zuba magana da sauri bisa kiɗa, wannan ya saki wancan ya cafe, Hausa da Faransanci a cakuɗe. Yara na ce wa abin raf. Ni dai na san 'yan gambara, na kuma san abin da ke fita bakinsu, don haka tun ban saurara ba na yanke hukunci.

Da ya gan ni sai ya kashe, ya durƙusa ya ce, "Sannu da zuwa, Inna ta Sabon Birni," ya fice zaure.

Na ce, "Yaya, wanga surutu a gidan Musulmi? Yaro ya kai munzali, wando awa buhun gero, ke kuma kina kaɗa mishi kai?"

Ta ce, "Wa ya mutu?"

Na ce, "Tarbiyya ta mutu."

Ta ce, "To ki tashi ki yi mata wanka, ni ina aiki."

Sai ta ɗaga murya ta ce ya dawo ya sa mini in ji. Ina kallonsa ya zare kaset ɗin, ya zura biro a raminsa yana juyawa, yana duba zaren a hasken rana, sannan ya mayar ya danna. Na ɗauka tattalin batir yake yi. Na saurara don in sami abin kamawa, ban samu ba. Babu batsa, babu zagi. Zancen uwa ne tun daga inda ya kama har ƙarshe: uwar da ke riga zakara tashi ta hura wuta, wadda ta sayar da akuyarta don ɗanta ya shiga cikin tsara da takalmi, wadda ke tsaye bakin ƙofa in ya yi yamma bai dawo ba. Duk sanda sunka kai gaɓa sai su haɗa baki su ce wata kalma sau biyu, su bi ta da Inna. Nan ne yayata ke miƙa hannu, ta ce, "Ka ji ko? Su ma sun ce marsa, Inna. Ina marsata?" Sai ya sa hannu a aljihu ya fito da babban goro ya aza mata, su duka biyu suna dariya.

Duk abin da anka lissafa a waƙar nan ita ta yi masa. Akuyar ma gaskiya ce, na san akuyar. Na zauna ina jin ana karanta aikin wata a kan ɗana, da kiɗa.

Da ya fita na ce, "Ba marsa sunka ce ba. Mersi sunka ce. Godiya ce da bakin Nasaran Nijar, mijina na faɗinta duk ya dawo daga Maraɗi. Kin mayar da kanki abin dariya gaban yaro."

Ta ɓare goron ta jefa rabi a baki, ta ce, "Ke kina zaton ban sani ba? Ni da nake sayar wa mutanen Nijar daddawa tun ba ki iya ɗaura zane ba? Godiya yana faɗi ta wuce. Marsa kuwa sai in wuni ina taunawa."

Ban san sanda bakina ya kuɓuce ba. Na ce, "In riƙon ya fi ƙarfinki, a maido mini abuna."

Shekara goma sha huɗu ban taɓa faɗin haka ba. Ta aje faifan kalwa, ta dube ni, babu dariya. Ta ce, "Ga shi can zaure. Kira shi da sunanshi na yanka. In ya amsa ki tahi da shi yau, ni da kaina za ni ɗaure mishi kaya."

Ta san ba za ni iya ba. Maƙwabciyar nan tana bayan danga tana ji, ga almuru na gabatowa, ga kunyar da anka san ni da ita. Na ɗauki mayafina na fita, na wuce shi a zaure ban dube shi ba. Mun yi damina biyu ba mu gaisa ba, ni da ita.

Ita ta karya shirun, kuma ta hanyar da ta fi ciwo. Shekarar da ruwan sama ya ɗauke, gero na cikin bununi, rumbunmu ya ƙare tun kafin bazara, mijina kuma na kwance. Ban gaya wa kowa ba. Wata safiya sai ga yaron nan da babur na aro, ya sauke buhu a tsakar gida, an lulluɓe bakinsa da kalwa don dangin mijina su ɗauka kayan sana'a ne. Ya durƙusa bakin ƙofata ya ce, "Inna ta ce ga ajiyar da kika bari wurinta." Ban bar komai wurinta ba, sai shi. Yana sunkuye ina kallon ƙeyarsa, sai na ga wani tabo dogo a bayan kunnensa, ya warke ya yi fari. Ban san ranar da ya ji ciwon ba, ban san wa ya tsayar da jinin ba. Wato na sani. Munka ci geron har sabo ya fito, kuma kowace loma sai da ta tsaya mini a wuya.

Kaset ya wuce, rediyon ya mutu, yaro ya zama magidanci mai shago a Isa. Waƙar ba ta mutu ba. Duk ranar kasuwa sai ya sayi marsa ya kai Turba, tun daga zaure zai fara rera amshin da muryar gardi, ita kuma ta amsa daga ɗaki. Da hanya ta lalace da 'yan bindiga, mutane sunka fara barin ƙauye, ya yi ta roƙonta ta koma Isa, ta ƙi. Ta ce wa zai kula da tukwanen daddawarta. Shi kuma bai taɓa fasa zuwa ba, ko ranar da ake cewa kada kowa ya fita. Ni Sallah-Sallah nake ganinsa. Zai zo da turmin atamfa mai tsada, ya durƙusa nesa, ya tambayi lafiya, in ce lafiya lau, ya tashi. Ba ya rage mini haƙƙi ko ɗaya. Amma bai taɓa yi mini wasa ba, ban kuma taɓa jin dariyarsa a gidana ba, sai dai in jiyo ta a gidan wata.

To, ran sadakar ukun nan, muna zaune mu shida, sai ya gyara murya. Bai dube ni ba, autanmu ya duba, ya ce, "Kawu, akwai saƙon da Inna ta bar mini, kuma ta ce sai gaban Inna ta Sabon Birni."

Autanmu ya ce, "Bismilla."

Ya fito da waya. Autanmu ya ɓata fuska ya ce, "Kai, Na-Inna, kiɗa a gidan makoki?"

Ya ce, "Ƙasa-ƙasa za ni sa, Kawu. Wasiyya ce."

Maƙwabciyar ta ce, "Ku bar shi. Ina nan ta faɗa mishi. Cewa ta yi, in na tahi ka sa wa ƙanwata waƙarmu, amma tun daga kai, kada ka yanke."

Ya danna. Dum ɗin nan ya taso, na gane shi nan take. Amma maganar da ta biyo baya ban taɓa jinta ba. Wani yaro ne mai siririyar murya ya fara, shi kaɗai, kuma ba zancen akuya yake ba, ba zancen hura wuta ba. Zancen ciki yake. Matar da ta ɗauki nauyi wata tara tana zuwa rijiya da shi, wadda ta durƙusa tsakanin rai da mutuwa ba ta yi ihu ba, wadda ruwan zafi ya gasa wa jiki, wadda anka tsotse har ta rame. Sai da ya gama wannan duka sannan sauran sunka shigo da amshi, daga nan waƙar ta kama inda na sani.

Na ce, "Wanga sabo ne anka ƙara?"

Na yi tambayar ga bango, don ba na yi masa magana kai tsaye. Shi ma bangon ya ba amsa. Ya ce, "Da shi anka yi ta. Ni ne nake wuce shi da biro. Ranar da na fara sa mata tun daga kai, na ga ta tashi ta shiga ɗaki ta daɗe. Sai na tuna ƙananan kaburburan nan na bayan gari. Tun ran nan ban sake bari ta ji ba. Ni kaɗai nake saurarenshi, can gona." Ya ƙara da cewa, "Na ɗauka ba ta lura ba. Ashe ta sani."

Matarsa ta fara sheshsheka. Ɗiyata ta kama hannuna, na zare. Kowa na jira in yi kuka in ce Allah sarki yaya. Abin da ke raina ba shi ke nan ba. Ashe ina da rabo a waƙar nan tun farko, nawa ne ma a gaba, amma anka naɗe shi da biro shekara ashirin don kada ranta ya ɓaci. Nawa ran fa? Wa ya duba zare a hasken rana saboda ni? Kuma yau da anka ba ni, ba shi ya ga dama ba, ita ce ta ce a ba ni. Ta ba ni gero, ta ba ni baitin waƙa, kamar yadda take ba kowa da ya leƙo gidanta. Tana kabari ma hannunta ne a sama, nawa a ƙasa.

Abu ɗaya ya hana ni tashi in fita. Ya ce can gona, shi kaɗai. Na yi ta juya wannan maganar. Yaro mai shekara goma sha shida, a tsakiyar gero, yana sauraren zancen naƙuda. Wa yake gani a lokacin? Ba ita ba dai. Wannan kam ba ta da shi.

Na ce, "An ji. Allah ya jiƙanta." Iyakar abin da na ce ke nan.

Kuma da zuciya ɗaya na faɗa. Allah ya haskaka kabarinki, yaya, ya haɗa ki da 'ya'yanki da sunka riga ki, su ishe ki, su cika miki hannu. Ya saka miki tarbiyyar da kika yi, don ban ga aibi a yaron nan ba, na kuwa duba. Ina kishinki, ba za ni ɓoye ba, kuma da kina nan na san abin da za ki ce.

Da gari ya waye anka samo motar da za ta kai mu Isa, daga can mu nemi ta Sabon Birni, don ana son a bi hanya da sauran safiya cikin jama'a. Ɗiyata ta shiga ta tsare mini wuri. Shi kuma ya fito da babur ɗinsa zai bi bayanmu ya buɗe shago. Na wuce motar na tsaya gaban babur ɗin. A kujerar baya akwai wani ɗan matashi da yayata ta ɗinka wa kanta da tsummokaran atamfa, an ɗaure shi da igiyar roba, ya lotsa daidai zamanta. Na kwance shi, na miƙa wa matarsa, na ce ta adana shi da kyau.

Autanmu ya ce, "Yaya, ga mota can fa."

Na ce, "Na gan ta."

Na dubi yaron nan a ido, gaban autanmu da maƙwabciya da duk wanda ke ƙofar gida, na ce, "Kai za ka kai ni. Har Sabon Birni."

Ya dubi kawunsa, kawun ya dubi sama. Na tattare zanena na hau, kujerar ba laushi ko kaɗan. Ya tada babur, ya ce, "Hanyar akwai ramu. Sai kin riƙe ni."

Rabon hannuna da jikinsa tun ranar da anka ɗauke shi yaye. Na aza tafina a kafaɗarsa, na damƙe, na ce, "Mu tahi."